Buhun Albasa da Makullin Tukwane

Abu biyu ake faɗa a kan sana'ata, kuma duka biyun ba haka ba ne. Na farko, wai hurda, wato cinikin tsofaffin kaya, ba aiki ba ce, ka duƙa ka tsinci tsohuwar roba ka sayar, halas, shi ke nan. Na biyu, wai ƙazanta da lalaci ne suke sa matan garinmu zuba shara a kwari. Ku 'yan matan da kuka gama sanawi, wato sakandare, kuka zo mini da sabon lalle kuna so in ɗauke ku aiki, ku ma haka kuke tsammani, na gani a fuskokinku. To ku karanta wannan tukuna, don ba ni da haƙurin maimaita magana.

Ni ma sanawi na gama. Jami'a ba ta samu ba, zaman gida kuma ya ishi kowa da ni, don bakina ba ya hutawa. Sunana Asiya, amma daga nan har Mai Wurno in ba ka ce Lasifika ba, ba wanda zai nuna maka gidanmu. Gwaggo Kaltume, yayar babana, ita ta ce a ba ta ni in riƙe mata igiyar jaki. Ta daɗe tana yawon hurda da karo, keken jakin nan mai ƙafa biyu. Sunan jakin Mudir, wato shugaban ofis, saboda ba ya motsi sai ya ga dama, kuma ba a shiga wurinsa da gaggawa.

Aikina na farko cire murfin kiristal ne, gorunan ruwa da na lemo. Gwaggo ta zube mini tuli ta ce murfi gefe, gora gefe. Na ce ai duk roba ce, wannan wahalar ta mece ce? Ta yanki ɓallin gora, ta ɗauki murfi, ta jefa su a gangar ruwa. Murfin ya taso, ɓallin ya nutse.

"Kin gani? Uwassu ba ɗaya ba ce. In kinka haɗa su, masu narkarwa su maido muna da kayanmu."

Gangar nan tana cikin kayan aikinmu har yau. Sauran su ne ƙugiyar ƙarfe ta jawo abu daga cikin laka, wuƙa mai kauri, da maganaɗisun da Gwaggo ta ciro daga cikin tsohuwar rediyo ta ɗaure da tsumma. Abin da ya manne masa ƙarfe ne, abin da ya ƙi, a duba shi da kyau, wataƙila sanholo ne ko tagulla, su ne manyan baƙi. Tsohon baho kuwa lanƙwasa shi ake yi. In ya yi fari a wurin lanƙwasar yana da sauran rai. In ya fashe kamar ƙwai, rana ta riga ta cinye shi.

Akwai jarkar da ba ma wasa da ita, ta maganin ƙwarin auduga da ake fesawa a gonakin mashru'i, manyan gonakin noman rani. Kyakkyawa ce, mai kauri, murfinta yana kamawa sosai, shi ya sa kowa yake sonta. Wata rana wata mata ta tsayar da mu ta ce in mun samu irinta mu ajiye mata, za ta riƙa zuba nono.

Na ce, "Nonon na mutane ne ko na ɓeraye?"

Gwaggo ta taka mini ƙafa, ta ba matar haƙuri, amma a gabanta ta sa wuƙa ta huda jarkar da ke karo wuri uku. Duk wadda ta zo hannunmu haka muke mata, kuma ba ta shiga cikin sauran kaya.

Ciniki da mata musaya ne. Ki kawo fasassun bahuna da tsofaffin silifa, ki karɓi kofi sabo ko matacin shayi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ba mai miƙo kaya ta ƙofar gida. Ta bayan katanga ake miƙowa, a naɗe cikin tsohon zane, mace tana waige-waige kamar ta sato. Gwaggo ta karɓa ta tura ƙarƙashin buhu ba tare da ta kwance ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "A aikin ga, ki taho da hannunki da hancinki. Bakin ki bar shi gida."

Na ce ai ba ya cirewa. Ta ce shi ne abin da ke damunta.

Sai shekarar da hanya ta rufe. Ba lorin da ke zuwa ɗaukar kaya, ba lorin da ke kawo sabo. Matan da suke jefar da baho don ya ɗan tsage suka dawo suna bin mu in muna da tsoho. Na koyi ɗinke baho da wuƙa mai zafi da ɓallin roba irin tasa, har na yi suna. A shekarar kowa ya gane roba dukiya ce. Amma kis, ledar nan ta kasuwa, da gorunan da suka lotse, kwari aka ci gaba da kai su kamar kullum.

Kwarin ya ratsa tsakiyar gari ya faɗa gulbi. Al'adarmu tun ina yarinya ita ce, in hadari ya fara haɗuwa, kowane gida ya kwashe abin da ya tara ya kai kwari, ruwan farko ya tafi da shi. Da can ɓawon gyaɗa ne da toka da karan dawa, ruwa ya kai su bakin gulbi su zama taki. Yanzu roba ce, amma al'adar ba ta ji labari ba. A daminar nan sharar ta toshe ƙaramar gadar kasuwa, ruwa ya rasa hanya ya juyo cikin unguwa. Kowace mace ta ga kayanta sun dawo mata har madafa, tare da na maƙwabta. Da ruwa ya janye, masu shuka a bakin gulbi suka yi ta tono kis da fartanya maimakon ƙasa. Akuyar mamata ta rame tana cin abinci, da aka yanka ta mahauci ya ciro dunƙulen kis daga tumbinta kamar kan jariri.

Da hanya ta buɗe na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe Usta Babikir yana jirana. Shi ne mai kassara, injin da ke niƙe roba ta zama gutsi-gutsi. Gora in ba a niƙe ta ba iska ce kawai, ka cika lori da ita ba ka ɗauki komai ba. Ba kassara, ba sana'a, gare ni da Gwaggo da matan da ke tsince mana kaya.

Ya ce, "Ya Asiya, injin nan jaz yake sha, man dizal, ba addu'a ba. Abin da kuke kawowa rabin lori ne, lori kuma ba ya tafiya da rabi. In ruwan farko ya sauka ban cika ba, zan kwance shi in kai Sinnar."

Na ce, "Ya Usta, kayan suna nan, suna cikin gidaje suna jiran kwari."

"To ki je ki yi magana da kwarin."

Nan na gane abin da har yau nake faɗa wa duk mai saurare. Aikin nan ba ya tsayuwa a kan masu kirki kaɗai. Masu kirki rabin lori suke cikawa. Sauran rabin shi ne yake toshe gada, ya shiga cikin akuya, ko a cinna masa wuta mu kwana muna tari. Roba ɗaya ce, in ta bi karo ta dawo mana baho da buta, in ta bi kwari ta dawo mana ambaliya. Kuma ruwan da ya shiga unguwa bai tambayi gidan da ya kawo kaya da wanda bai kawo ba. Tunda wahalar ta kowa ce, tarawar ma dole ta zama ta kowa.

Na tafi wurin lajna, dattawan da ke kula da sha'anin gari. Suna zama ƙarƙashin dalbejiya bayan la'asar, shugabansu kuma Kawu Adamu ne, ƙanen mamata. Na ce a kafa doka, kowane gida ya ware robarsa, wanda ya ƙi a ci shi tara.

Kawu ya ce, "Tara? Wa za ya ci wa? Wanga surukina ne, wancan tare munka yi kaciya. In na ci ɗaya tara, gobe da wane ido zan je suna gidansa?"

"Da idon da kuka kalli ruwa a ɗakin matarka Inna Batula, Kawu."

Suka yi dariya, wani ya ce a rage mata sauti. Amma ruwan ya shiga gidajensu su ma, don haka suka yarda. Aka yi shela a masallaci cewa ranar kasuwa da safe kowane gida ya fito da buhunsa ƙofar gida. Har suka ce buhun ma su za su bayar, kyauta. An gama kwashe albasa a lokacin, kowane manomi yana da ragowar buhuna a rumbu. Buhunan albasa, jajayen nan masu raga. Ni ma da na gani na ce kwayyis, ya yi kyau, ba su riƙe ruwa.

Ranar kasuwa na ɗaura Mudir muka zaga gari. Ƙofofi a share, ba buhu. Sai a gidan Hawwa mai shayi na hango ɗaya, da mata kewaye da shi kamar ana rabon sadaka. Raga ce, komai a fili. Kafin azahar gari duka ya san mijin Hawwa, mai baƙin gemun nan da yake rantsuwa gado ne, kwalaben rini yake sayowa daga Sinja. Kafin la'asar danginsa biyu sun zo gaisuwa, don sun ƙirga gwangwanayen kifi sun ce ashe gidan akwai wadata.

Hawwa ta same ni a filin da muke tsintar kaya ta ce, "Ke da dokarki, Allah shi isa! Ni kaɗai na bi, ni kaɗai na sha kunya."

Gwaggo tana zaune tana dariya har da hawaye. Da ta huce ta ce, "Yanzu kin san abin da ya sa ake miƙo muna ta bayan katanga? Shara tana magana, ɗiyata, ta ma hi ki. Gidan da babu gorar lemo a ce talauci. Gidan da ta yi yawa a taho aro. Mai shan magani ba ta so a sani, mai shafe-shafe ba ta so a sani. Kwari ba shi gulma, shi ya sa suke son shi."

Ga amsar masu cewa lalaci ne. Macen da take share tsakar gida tun kafin rana ta fito ba lalaci ke damunta ba. Rufin asiri take nema, mu kuma muka ba ta buhun albasa.

Gwaggo ta tara matan jam'iyya. Jam'iyyar ita ke da manyan tukwanen biki, da farantai, da kofunan shayi, waɗanda mata suka haɗu suka saya tun kafin a haife ni. Duk mai suna ko aure ko walima nan take ara, kuma ɗakin ajiyar yana gidan Gwaggo, makullin a ɗaure a bakin zanenta. Aka yanke cewa buhun sukari za a yi amfani da shi, fari, ba a ganin ciki, a ɗaure bakinsa. Kowane gida zai fitar, ko abin da ke ciki bai cika tafin hannu ba, don in kowa ta fitar ba mai kallon wata. Gidan da buhunsa bai fito ba, tukunya ba ta shiga. Rasuwa kaɗai aka cire, Gwaggo ta ce mamaci bai yi wa kowa gardama ba.

Tara ba ta tsorata kowa, amma a ce ka tara baƙi ba tukunyar dafa musu, wannan ko mai taurin kai sai ya sake tunani. Buhuna suka fara fitowa. Kassara ta fara kuka tun safe. Sai dai unguwar gabas gaba ɗaya shiru, saboda Inna Batula, matar Kawu Adamu, ba ta fitar ba, su kuma suna jira su ga ko doka tana hawa kan matar shugaba. Usta kullum sai ya leƙa lori ya kalli sama ya kalle ni. Hadari ya fara leƙowa ta kudu. Kuma auren Musa, babban ɗan Kawu, ya matso.

Ranar da za a zo ɗaukar tukwane Gwaggo ta tashi da ciwon baya. Ciwon bai hana ta cin kisra, wainar dawan nan, ba, ya dai hana ta riƙe makulli. Ta kwance shi ta ba ni ta shige ɗaki.

Kawu ne ya fara zuwa. "Asiya, buɗe muna ɗakin ga, baƙi na tahe daga Makwar."

"Ina buhu, Kawu?"

"Ni na kafa dokar!"

"Shi ya sa na san ba sai na karanta maka ita ba."

"Ni na yanka ragon sunanki, ke."

"Allah ya saka da alheri. A wace tukunya aka dafa shi?"

Ya gyara rawani ya tafi yana cewa laifin yayarsa ne da ta bari aka sa ni a makaranta. Ba a jima ba sai ga Inna Batula da kanta, tobinta na lulluɓi yana jan ƙasa, mata uku a bayanta.

"Ke Lasifika, ba ni makulli."

"Ina kwana, Inna. An ɗaure bakin buhun fa, ba mai gani."

"An ɗaure. To wa ka kwance shi a hili? Ba ke ba?" Ta matso har ina jin turarenta. "Ni ba buhu nike tsoro ba, ya bit, ke yarinya. Ke nike tsoro. Bakin ga naki da ya gaya ma liman huɗubarsa ta yi tsawo, shi zan miƙa ma sharar gidana?"

Matan da ke bayanta suka ce wallahi gaskiya ne. Kuma gaskiyar ce. Gwaggo ta yi shekaru tana karɓar kaya a naɗe, an san cikinta rijiya ne. Ni kuwa an san ni. Ashe rabin garin da suka bi dokar ma a kan dole suka bi, suna addu'a kada Lasifika ta kama tasha.

Na ce, "To kada in kwance. Ku taho da naku gaba ɗaya, unguwa duka, ku zazzage a tuli ɗaya, a juya da manjagara. Ni in juya baya har ku gama."

Inna Batula ta dube ni sama da ƙasa. "Da hannuna zan zuba."

"Da hannunki."

"Kuma a toshe miki baki."

Daga cikin ɗaki mai ciwon baya ta ɗaga murya, "Wannan ko likitan Sinja ya gwada ya kasa, Batula. Ki karɓi abin da ya samu."

Washegari da hantsi unguwar gabas ta fito. Ban taɓa ganin irinsa ba. Mata a jere, buhuna a ka, kamar masu kai kayan amarya, wata tana kiɗa da jarka, wata tana guɗa. Inna Batula ashe tun ambaliyar bara ta daina kai shara kwari, tana tarawa a ɗakin bayan madafa, ta rasa inda za ta kai. Nata kaɗai sai da Mudir ya yi sawu ya koma, kuma ranar bai yi gardama ba, ina jin ya san matar shugaba ce. Aka sa ni na fuskanci katanga, aka juya Mudir ma don kada a ce an yi son kai. Ina jin ƙarar goruna suna zuba, ina jin dariya, Hawwa mai shayi tana cewa a juya sosai, a juya har gemu ya ɓace.

Da suka ce in juyo, tuli ne ya kai ƙirjina, ba na kowa ba. Na kwance makulli na miƙa wa Inna Batula. Ta karɓa ta ce in zo da wuri ranar walima, akwai albasar da za a yanka, tunda mun ƙware a buhunta.

Tun daga ranar haka muke aiki. Ba a kwance buhu shi kaɗai. Unguwa tana zubawa tare, a juya, sannan masu tsinta su zauna. Lori ya tashi a cike, an ɗaure shi da igiya har sama, ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Usta bai kwance injinsa ba, yanzu ƙorafinsa wai ba ma barin sa ya sha shayi. Ruwan ya zo ya wuce ƙarƙashin gadar kasuwa, mutane suka tsaya a kai suna kallo kamar ba su taɓa ganin ruwa yana tafiya ba.

Na san abin da kuke so ku tambaya. Wadda ta shekara tana shiga gidajen gari da karo, ko an juya tuli da manjagara, ai tana gane wasu abubuwan. Ina ganewa. Na san abin da ke cikin buhunan Inna Batula. Kun ga, har kun matso. Shi ya sa ban ɗauke ku aiki ba tukuna. Wadda ta iya wuce wurin nan ba ta tambaye ni ba, ta zo ranar kasuwa da tsofaffin kaya a jikinta, lallen kuma ta yi masa bankwana.

Abin da ya rage shi ne bakin gulbi. Kwarinmu ya tsarkaka, amma masu shuka har yanzu suna tono kis, don garin da ke sama da mu ta hanyar Sinja suna nan suna jiran ruwan farko da shararsu, gulbi kuma wurinmu yake sauke ta. Usta ya ce in rubuta wa lajnarsu. Ba zan rubuta ba. Jibi zan ɗaura Mudir, in ya ga dama, in ɗora fararen buhuna da manjagara, mu kama hanya. In na isa ba zan tambayi gidan shugaba ba. Mace ta farko da na gani a bakin famfo zan gaishe ta, in tambaye ta wa ke riƙe da makullin tukwane.